Sunan da Ya Rage a Argungu

Talata, 2 ga Satumba, 2003, da hantsi

Yau kwana goma sha bakwai da Asabar ɗin nan. Ranar ina zaune a ɗakin Inna a nan Argungu, na gama wankan safe, jikina na hucin ganyen darbejiya, sai Gwaggo Balaraba, ƙanwar Baba, ta karɓi jaririyata daga hannuna ta ce bari ta ga wani abu. Ba ta dawo mini da ita ba. Kafin la'asar maza sun fita da ita cikin farin ƙyalle da bai kai ɗankwalina girma ba. Kwananta huɗu a duniya. Da ta ƙara uku da an raɗa mata suna.

Wanka dai ba a fasa ba. Gwaggo ta ce jiki bai san an yi rashi ba, sai an cika arba'in. Safe da yamma tana watsa mini ruwan zafi, tana ɗura mini kunun kanwa, ni kuma ina ɗaure ƙirjina da zane saboda ruwan da ke zuwa ba mai sha.

Ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata, zan cika arba'in. Daga nan sai a mayar da ni ɗakina a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, wurin mijina Mansur. Na sami wannan littafin rubutu a akwatina na 'yan makaranta, zan rubuta a ciki abin da ban iya faɗa wa Inna ba: ban san ko zan koma ba.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan azahar

Mansur ya aiko direban Birnin Kebbi da sabulu, da sukari, da littattafan soyayya uku sababbi. Na zazzage su shafi shafi. Ba ko 'yar takarda.

Tun ranar jana'iza bai sake taka Argungu ba. Ranar ma a bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Hamida, sai haƙuri," ya juya. Birnin Kebbi zuwa nan ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, da yamma

Na buɗe ɗaya daga cikin littattafan. A shafi na tara saurayin ya rubuta wa yarinyar wasiƙa mai shafi huɗu don kawai ta yi zazzaɓi. Na rufe.

Da can nakan cinye irin wannan littafin tsakanin azahar da magariba, tuwo na ƙonewa a kan murhu. Mansur yakan ce da zan riƙe lambobin kwamfutocinsa yadda nake riƙe sunayen samarin littafi, da ya ba ni shagonsa ya koma noman shinkafa a Ambursa.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Asabar kuma.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na yi tambayar yau. Gwaggo na tsame ganye daga tukunya na ce mata, ranar da aka haihu, da Mansur ya zo ya yi huɗuba a kunnenta, wane suna ya raɗa mata? Na gan shi da idona, ya sunkuya, leɓensa ya motsa, ya miƙa wa Inna ita ya fita.

Gwaggo ta dube ni kamar na yi ashar. Ta ce, "Ke ɗiyar ga ba ki da ta ido. Ɗiyar fari, ko tana raye ba ki faɗin sunanta, to mi za ki yi da shi yanzu?" Ta ce uba ne ya sani, sai liman da za a gaya wa ran suna, kuma ba a kai ran suna ba. Ta ce littattafan nan ne suka ɓata ni, a zamaninsu mace ko kallon ɗan fari ba ta yi a gaban mutane.

Da Gwaggo ta fita sai Inna ta ce mini ita ma ba ta sani ba, kuma kada in tambayi Mansur, shi ma ɗiyar farinsa ce, zan sa shi cikin kunya.

To wa zan tambaya? Na ɗauke ta wata tara, na shayar da ita kwana huɗu, in na tuna ta ba ni da abin kiranta sai "ita".

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

An kwana ana ruwa. An ce gulbi ya cika har ya hau gonakin fadama.

Ina jin ƙugin janaretan shagon Yaya Abdussamadu ta bango. Shagon intanet ɗin a jikin zaurenmu yake, kuma ta dalilinsa na san Mansur. Shekara biyu da suka wuce ya zo daga Birnin Kebbi ya kafa wa Yaya kwanon tauraron ɗan Adam a kan rufi, ni na kai musu fura, ya zubar da rabi a kan wayoyinsa. Na ɗauka a lokacin irin farkon littafi ne.

Bayan aure nakan bi shi shagonsa ranar Asabar in ba mutane, in zauna a ɗakin baya ina karanta masa lambobi daga takarda yana dubawa a allon kwamfuta. A nan ya koya mini abin da yake kira sabar sunaye. Ya ce kowace kwamfuta a duniya lamba gare ta, mutane kuwa suna suke riƙewa, don haka dole a sami wadda za a tambaya, wane gida ne mai wannan suna, ta ce lamba kaza ne. Ya ce kamar mai unguwa ce: baƙo ya zo da suna, a nuna masa ƙofa. Tasa tana riƙe da sunayen kwamfutocin shagonsa da na mutanen da yake yi wa aiki. Guda biyu ne: babbar tana Birnin Kebbi, a can yake rubutu. Ƙaramar tana nan ɗakin bayan shagon Yaya, kwafi kawai take ɗauka, don in wuta ta ɗauke a can ta amsa wa masu tambaya.

Na ce ashe ni ce ƙaramar, tunda daga Argungu aka ɗauko ni. Ya yi dariya har da tari.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan magariba

Na gaya wa Inna ina so in ƙara kwanaki bayan arba'in. Ta tambaye ni nawa. Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce gidan ubana ne, ba mai kora ta, amma in sani kwanaki in suka yi yawa sukan canza suna.

Alhamis, 11 ga Satumba, da azahar

Turare da man shafawa daga Birnin Kebbi. Ba takarda.

Na tambayi direban ta bakin Inna ko lafiyarsa lau. Ya ce lau, kullum yana shago, har ya rame don aiki. Aiki. Wato ya samu abin yi.

Juma'a, 12 ga Satumba, da yamma

Da yau wata ɗaya gare ta.

Yaya ya shigo cin abinci ransa a ɓace. Wani Alhaji Maigandi, sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta Zauro, ya biyo shi har masallaci. Ƙungiyar na karɓar saƙonnin imel ta hannun Mansur, kuma kusan wata guda ke nan wasu saƙonnin na isowa wasu na ɓata a hanya. Masu sayen shinkafarsu daga Legas sun ce sun aiko sau uku ba amsa. Alhajin ya ce wa Yaya in surukinsa ya gaji da aikin ya faɗa, Sakkwato ba nisa.

Yaya ya ce ya buga wa Mansur waya sau biyu a makon nan, amsa ɗaya yake ba shi: zai duba.

Ban san Mansur da "zan duba" ba. Mutumin da ya taɓa barin tuwo a hannu ya hau babur cikin ruwa don an ce wata kwamfuta ta ƙi tashi.

Lahadi, 14 ga Satumba, da hantsi

Saura mako guda. Na wanke kayan da na ɗinka mata, na shanya a bayan ɗaki inda Gwaggo ba ta zuwa. Ba su yi datti ba. Na dai wanke.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya ya leƙo ya ce, "Hamida, ke da kin zauna da shi, ko kina gane karatun na'urar ga? Ni dai kunna ta da kashe ta na iya." Gwaggo ta ce mai jego ba ta fita. Yaya ya ce ai ba fita ba ce, ta zaure za a bi, ko inuwar titi ba zan gani ba. Ta ce to in ɗaura kallabi biyu.

Ɗakin bayan shagon na warin ƙura da zafin na'ura. Mansur ya bar wa Yaya wani ɗan littafi da rubutun hannunsa, mataki mataki, yadda ake buɗe fayil ɗin sunaye.

Abu na farko da ya koya mini in duba shi ne lambar da ke can sama. Ni nake kiranta lambar bugu, kamar yadda ake rubuta bugu na ɗaya, bugu na biyu a bayan littafi. Bayan kowane 'yan awoyi ƙaramar takan tambayi babbar lambarta. In lambar ta ƙaru, ta san an yi gyara, sai ta zubar da tsohon kwafinta ta ɗauki sabo. In ba ta ƙaru ba, ko an sauya komai da komai a can, ita tana nan kan abin da ta sani. Mansur da kwanan wata yake rubuta lambar, sannan ya ƙara ɗaya ko biyu a ƙarshe. Kullum yana cewa wanda ya yi gyara bai ɗaga lamba ba kamar wanda ya sauya gida ne bai gaya wa mai unguwa ba.

Lambar da ke kan allo ita ce 2003081201.

Sha biyu ga Agusta. Talatar.

Na gangara ƙasa wurin sunaye. Mansur da sunayen garuruwan fadama yake kiran kwamfutocinsa, duk na san su: ambursa, zauro, gulma, augie, kowace da lambarta a gabanta. A ƙasansu akwai layi ɗaya sabo, na kwamfutar karɓar saƙonni da ya saya ina da tsohon ciki, wadda na baro bai sa mata suna ba tukuna. Sunan da ke wurin ba na gari ba ne.

Yaya na ta tambaya ko na ga matsalar. Na ce masa kaina na ciwo.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Adawiyya.

Talata, 16 ga Satumba, da safe

Mahaifiyar Mansur, Allah ya jiƙanta, Rabi'atu sunanta, kuma masu wannan suna a gidansu Adawiyya ake ce musu don a sakaya. Ya zo nan da hantsi ran Talatar, ya raɗa mata a kunne, ya koma Birnin Kebbi da yamma, ba wanda zai iya faɗa wa. Sai ya zauna ya rubuta shi a inda duk kwamfutar da ta tambaya a duniya za a ba ta amsa, mutum kuwa ba wanda zai lura. Ya ɗaga lamba yadda ya saba. Ƙaramar ta ɗauka, ta kawo shi har bangon ɗakin da muke kwance ni da ita.

Wata guda ina nemansa, yana bayan bango.

Na faɗe shi a hankali a banɗaki, ruwan zafi na zuba. Gwaggo ta ce mi na ce. Na ce ruwan ya yi zafi.

Laraba, 17 ga Satumba, da azahar

Na koma shagon. Na nuna wa Yaya yadda zai tambayi babbar ta Birnin Kebbi kai tsaye, kamar yadda littafin Mansur ya ce, sannan ya tambayi tamu, mu gwada amsoshin.

Ba su zo ɗaya ba. A can sunan babu shi. Kwamfutar saƙonni yanzu kalgo ake ce mata, kuma an sauya mata lamba. Amma lambar bugu a can ma tana nan 2003081201, ba a taɓa ta ba. Shi ya sa tamu ba ta san an yi gyara ba. Duk mai aiko da saƙo da ya tambayi Birnin Kebbi sai a nuna masa ƙofar gaskiya, wanda ya faɗo kan Argungu sai a aika shi gidan da ba kowa. Saƙonnin Alhaji Maigandi ke nan.

Na yi wa Yaya bayani ban nuna masa layin ba. Ya ce, "Yanzu duk wahalar ga lamba guda ce? Mantuwa ya yi ke nan." Na ce wataƙila.

Mansur ba ya manta lamba. Ni yake sawa in tuna masa, kuma ban taɓa riga shi ba ko sau ɗaya.

Laraba, da yamma

Ina ta juya abin. Ya goge sunan daga gabansa, don kullum in ya buɗe fayil sai ya gani. Wannan na gane, ni ma na kai kayanta bayan ɗaki. Amma ya san ranar da ya ɗaga lambar nan, cikin awa uku tamu za ta zubar da nata kwafin, shi ke nan babu inda ya rage. Sai ya bar shi. Mutane na zaginsa, yana cewa zai duba.

Ko kuwa ni ce nake karanta shi kamar littafi. Na sha yin haka. Na taɓa ɗauka shirun da ya yi mini na kwana biyu fushi ne, ashe haƙori ke ciwo.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Yaya ya buga wa Mansur waya, ina tsaye a ƙofar ɗakin baya. Ya gaya masa an gano matsalar, lambar sama ce ba a ɗaga ba. Sai Mansur ya tambayi wa ya gano. Yaya ya ce Hamida ce, ita ta buɗe fayil ɗin.

Yaya ya miƙo mini wayar. Ban yi niyyar karɓa ba.

Mun gaisa kamar baƙi. Ya tambayi jiki, na ce da sauƙi. Ya tambayi su Inna. Sai ya ce, "Kin karanta duka?"

Na ce, "Har ƙasa."

Ina jin fankar shagonsa tana juyawa. Na san fankar, tana da wani ɗan ƙara kamar ana taɓa cokali a kofi. Ya ce Alhaji Maigandi ya ba shi zuwa Litinin, kuma mutanen suna da gaskiya, shinkafarsu ce. Ya ce ya zauna zai yi ya fi sau goma. Daga nan ya ce ana kiransa, ya ajiye.

Ba wanda ke kiransa. Da na ji.

Alhamis, bayan la'asar

Bai faɗi sunan ba. Ni ma ban faɗa ba.

Har yanzu ina jin haushinsa. Awa guda ce a mota. Da ya zo ya zauna a zaure ko bai ce komai ba, da na san akwai wanda ke ɗauke da ɗaya gefen. Ya bar ni da sabulu da turare.

Juma'a, 19 ga Satumba, da safe

Gwaggo ta kama ni ina kuka a kan turmi, ta ce in na cika hawaye ruwan wankan zai huce, ita kuma ba ta da itacen sake dafawa. Sai ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce nata na fari namiji ne, kwana shida ya yi, shekara arba'in da wani abu ke nan. Ta ce har mijinta ya rasu ba ta tambaye shi sunan ba, shi ma bai faɗa ba.

Na ce ba ta taɓa son sani ba?

Ta tashi ta ɗauki bokiti. Ta ce, "Tashi, ruwa na hucewa."

Juma'a, da yamma

Na shiga ɗakin baya ni kaɗai, Yaya na gaba da masu duba sakamakon jarrabawa. Na buɗe, na zauna ina kallon layin. Harafi takwas da lamba a gabansu. Ƙaramar na ta aikinta, ana tambaya tana amsawa da abin da aka gaya mata ran Talatar, ba ta san komai ya faru ba. Na yi mata hassada.

Na yi tunanin in ce Yaya ya cire mata waya, ta daina jin Birnin Kebbi, ta riƙe abin da ke cikinta. Amma Mansur ya taɓa gaya mini in ƙaramar ta yi makonni ba ta ji daga babbar ba, akwai ranar da za ta daina amsa wa kowa, don ba ta yarda da abin da ta sani ba kuma. Ko ta nan ba a tsira.

Na kwafe layin a bangon wannan littafin, da lambar da komai, yadda yake.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan azahar

Wankan ƙarshe gobe da safe. Inna ta tambaye ni ko a gaya wa direba ko a bari. Ta ce ba ta matsa mini.

Na tuna yadda muke yi a ɗakin bayan shagonsa: ni da takarda, shi da allo, in karanta lamba ɗaya ɗaya, ya maimaita, sannan ya danna. Ya ce aikin nan ba a yin sa mutum ɗaya, don ido ɗaya yakan ga abin da yake so ne. Sau goma ya zauna shi kaɗai.

Ban yafe masa wata gudan nan ba, kuma zan gaya masa. Zan kuma sa ya faɗi sunan da bakinsa, sau ɗaya, a ɗaki, ƙofa a rufe, ko Gwaggo za ta ce mun yi rashin kunya.

Na ce wa Yaya ya buga masa waya ya ce kada ya taɓa fayil ɗin sai na zo. Littattafan uku na bar wa Inna ta ba maƙwabta. Na ɗauko kayanta daga bayan ɗaki na sa a ƙasan akwati.

Gobe bayan wanka zan koma Badariya. Ran Litinin ni zan karanta masa sabuwar lambar.